Shekarar da Rana Ta Hau Sirdi da Wuri

A Gindin Sirdi, wani ƙauye da ke gabas da Daura, tafiyar rabin awa a babur in yashi bai riƙe ka ba, Malam Maharazu ba shi da wata sarauta. Ba Sarkin Noma ba ne, ba limami ba ne, ba kuma mai hali ba ne. Gonarsa ɗaya ce, awakinsa ba su taɓa wuce bakwai ba. Amma shekara arba'in da 'yan kai, in bazara ta kama, bakinsa duk garin ke kallo, don shi ke faɗin ranar da za a fita binne.

Binne, ga wanda bai tashi a jigawa ba, shi ne a zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a koma gida a jira. In ka dace, ruwan farko ya tarar da irinka a ƙasa, geronka ya riga na kowa tashi. In ka yi gaggawa, tururuwa da kurciyoyi su yi biki da shi, ko wani ɗan yayyafin ƙarya ya tsirar da shi rana ta biyo ta ƙone. Daminar ƙasar nan kuwa gajera ce, wanda ya rasa makon farko yakan ji a rumbunsa. Saboda haka ranar binne ba abin wasa ba ce.

Dutsen da garin ya ci sunansa yana gabas da gidaje, dogo ne a kwance, da tozo biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, tsakaninsu ya lotsa kamar sirdin doki. Kakan Maharazu ne ya fara lura cewa rana ba wuri ɗaya take fitowa ba. Lokacin sanyi can kudu da dutsen take ɓullowa, sai ta riƙa matsowa arewa kaɗan-kaɗan, har wata safiya ta fito daidai tsakiyar lotsawar. Ranar nan sai a ce rana ta hau sirdi. A ƙirga kwana goma sha biyu a fita binne, kuma da wuya a ƙara mako biyu ruwa bai sauka ba. Watan sama ba ya yi wa manomi wannan aikin, tunda kowace shekara ja da baya yake yi. Malamai suna da lissafin taurarinsu, amma mutanen Gindin Sirdi sun fi yarda da abin da ido ya gani.

Wurin duban ma guda ne. Akwai wata tsohuwar kuka a ƙofar gidan su Maharazu, mai duba zai jingina bayansa da ita a wani gurbi da kafaɗun mutum uku suka goge har ya yi santsi: kakan, uban, sai shi. Ka gusa taku biyar gefe, lissafi ya ɓaci. Maharazu yana ɗan shekara ashirin da shida ubansa ya rasu. Da bazara ta zo sai ya fito ya tarar da dattawa zaune gindin kukar, ba wanda ya yi shawara da shi, jira kawai suke ya yi magana. Ya yi, ruwa ya zo a kan kari, shi ke nan abu ya zama nasa.

Mutum ne marar yawan magana, kuma mai taurin kai, kada in ɓoye muku. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ci-rani Kano, ya tura kurar ruwa wata biyu, ya dawo ya ce garin da ba a ganin inda rana ke fitowa ba wurin zama ba ne. Ya auri Safiyatu, 'yar wani wanzami daga Zango, mace mai baki, wadda ita kaɗai ce a duniya ke ce masa "ba haka ba ne" ta zauna lafiya. Sun haifi shida, huɗu suka rayu. Mazan, kamar sauran samarin garin, da an gama kaka sai su watse, wasu Kano, wasu Legas, wasu su tsallaka Kongolam su shiga Nijar, ba su dawowa sai an aika musu cewa rana ta hau sirdi. A da direbobin tashar Daura ke kai saƙon. Da waya ta zo sai ɗansa Sadiq, magidanci mai sayar da rake a baro a Kano, ya zama shi ke kira ya ji, sannan ya baza wa sauran. Kun ga ke nan ba gero kaɗai ke rataye a bakin dattijon ba, har da mutum talatin da za su ajiye neman abincinsu su hau mota.

Fasa dutsen bai fara da ƙarfi ba. Da ya fara da ƙarfi ai da an yi ihu. Wasu mutum biyu ne daga Daura suka fara, suna cinna wa tsofaffin tayoyi wuta a kan falalen da ke gindin kudu, in ya tsage su bi da guduma, mata su farfasa tsakuwa a sayar wa masu gini. Har Safiyatu ta yi wannan aikin rani biyu, da shi ta haɗa wa babbar 'yarta kwanukan aure. Wa zai ce wani abu? Dutse ne fa, ga shi nan har sama.

Sai aka zo yin wata kwalta, ɗan kwangila ya kawo injin niƙa dutse ya kafa a bayan dutsen, ta gabas, inda gari ba ya gani. Ya ce wata takwas zai yi. Ya yi shekara uku, da ya tashi wani ya gaje wurin, sannan na uku ya zo ya kafa nasa injin a gefe. Kowannensu in ya zo gaban Mai Unguwa Badaru sai ya rantse ɗan ɓangare kaɗan zai taɓa, kuma tsakani da Allah kowanne gaskiyarsa ya faɗa. Ɗan ɓangare, ɗan ɓangare, aka yi shekara goma sha biyar.

Ɓarnar ma haka ta riƙa zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta isa a kai ƙara a kanta. Tifofi suka tattake burtali ya zama faffaɗan titi, ya ci kunya uku-huɗu daga kowace gona da ke bakinsa. Farar ƙurar injin ta riƙa sauka kan wake da riɗi, su yi fure ya zube babu 'ya'ya, akuya ta shinshina harawa ta kau da kai. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen a da ƙorama yake bi ya shiga fadama, da aka jibge masa tarkace a hanya sai ya nemi wata, ya haƙa kwazazzabo ta tsakiyar gonaki huɗu, har da kusurwar ta Maharazu. In nakiya ta tashi da azahar kwanuka su yi ta ƙara a ɗaki. Katangu suka tsattsage, rijiyar masallaci ta rufta daga ƙasa. Birai suka tafi, zuma ta bar amya. Tsamiyoyin gindin dutse, inda mata kan huta in sun dawo daga itace, aka sare su aka yi wurin ajiye tifa.

Duk wannan Maharazu yana gani yana tsaki, amma hankalinsa bai tashi ba, don daga gindin kuka sirdi yana nan. Mai Unguwa ya taɓa tara dattawa suka je wurin masu kamfani, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Da aka zo kansa sai ya ce, "Ni dai kada a taɓa mini sirdi." Mai kula da aikin ya yi dariya ya ce, "Baba, mu da muke can baya, me ya haɗa mu da sirdinka?" Maharazu ya karɓi wannan maganar ya riƙe ta gam. Tun daga ranar bai sake taka bayan dutsen ba, ya ce ƙarar injin tana sa masa ciwon kai.

Shekara uku ke nan da abin ya faru. Ranin nan an tayar da nakiya fiye da kullum, tozon kudu ya rage tsawo, kowa ya gani, shi ma ya gani. Sai ya ce wa ransa ai tozo suka taɓa, tsakiya tana nan inda take. Ga idonsa ya fara yana, ga ƙurar inji kullum rataye a kan dutsen da safe. Wata Talata bayan sallar asuba ya jingina da kuka kamar yadda ya saba, sai ga rana ta ɓullo ɗas a tsakiyar sirdi.

Jikinsa bai ba shi ba sam. Zafi bai kai inda yakan kai ba, iskar bazara ba ta juyo ba. Washegari ya sake dubawa, ya ga ta ɗan gota arewa, yadda takan yi kowace shekara bayan ta hau. To me kuma ya rage? Ya shiga gida ya ce wa Safiyatu ta sa a sauko da damman iri daga rumbu a fara sussuka.

Ta ajiye muciya ta dube shi. "Malam, iri kuma? Yanzu?"

"Rana ta hau."

"Ta hau ina? Shamuwa ko ɗaya ba ta sauka kan kukar nan ba. Gawon bayan gida ganyensa shar, ko alamar kaɗewa bai yi ba. Kai da bakinka ka koya mini waɗannan."

"Shamuwa tsuntsuwa ce, tana iya makara. Dutse ba ya makara."

"Dutsen da ake ci kullum kamar tuwo?"

"Ke, tun ba a haifi ubanki ba ake duban dutsen nan."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ɗauki muciyarta. "Ni dai na faɗi nawa."

Kada ku ɗauka girman kai ne kawai ya hana shi jin maganarta. Tsoro ne. In ya ce bana bai yarda da sirdi ba, to baɗi da me zai yarda? Shi ba taurari ya karanta ba, ba boko ya yi ba. Abu ɗaya ya sani a duniya wanda wani bai sani ba, kuma ga shi abin ya yi magana. Sai ya danne abin da ke ransa, ya je ya gaya wa Mai Unguwa, aka sanar a masallaci bayan magariba. Sadiq ya kira, Maharazu ya ce masa su taho. Kafin mako ya zagayo motoci sun sauke samarin garin kaf.

Ranar ta goma sha biyu aka fita. Na gaba yana sara da sungumi, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige, cikin kwana huɗu gari ya gama. Ƙauyuka biyu na maƙwabta, da suka saba bin sahun Gindin Sirdi, su ma suka fita.

Aka yi kwana tara shiru. Rana ta goma hadari ya haɗu, aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa tsawon ɗan yatsa. Mata suka yi guɗa, maza suka yi ta zuwa gindin kuka suna cewa, "Kai, Malam, Allah ya bar mana kai!" Gero ya tsiro kore shar ko'ina. Sannan sama ta washe, ta zauna a washe kwana talatin da uku. Tsiron ya yi ganye biyu ya tsaya, ya nannaɗe, ya yi ja, iska ta kwashe shi. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Samarin da suka baro sana'o'insu suna zaune gindin bishiya, babu gona babu kasuwa, suna cin abin da ya kamata a ci da damina.

Ba wanda ya zage shi. Ai da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Gaisuwa ce dai ta gajarce: "Ina kwana, Malam," mutum ya wuce, ba a ƙara tsayawa. Abinci ya daina shiga masa. Safiyatu, da duk bakinta, ba ta ce "ai na gaya maka" ba ko sau ɗaya, sai dai ta dama masa fura ta ajiye ta fita.

Cikin kwanakin nan ne Hilary ya tsaya a ƙofar gidan. Hilary Ibo ne mai shagon kayan gyaran mota a Daura, shi ke kai wa masu tifa taya da bel. Ya haura shekara ashirin a Daura, Hausa a bakinsa sai ka ce a bakin rijiyar Kusugu aka yanke masa cibi. Ya saba in zai wuce ya tsaya ya sha ruwa ya sayi ƙwan zabi wurin Safiyatu. Ranar nan bai nemi ƙwai ba. Ya kashe babur ya tsuguna suka gaisa.

"Baba, na ji abin da ya faru. Yaushe rabonka da bayan dutsen nan?"

"An fi shekara takwas."

Hilary ya girgiza kai. "Hau mu je. Gara ka gani da idonka."

Suka zagaya ta titin tifofi. Da suka sha kwana Maharazu ya ce, "Innalillahi!" Ai dutsen ba shi da baya. Wani ƙaton rami ne fari fat, motoci a ƙasansa kamar kiyashi, abin da gari ke gani daga yamma ɓawo ne kawai ya rage a tsaye. Hilary ya nuna masa da hannu.

"Ka ga inda katafilar can take? Bara war haka wurin dutse ne har sama. Tozonku na kudu ta ciki suka ci shi, ta ɓangaren sirdin."

Ba sai an ƙara masa bayani ba. Da aka cinye cikin tozon kudu, lotsawar ta buɗe ta wannan gefen kusan faɗin gona guda, tsakiyarta ta gusa kudu. Rana kuwa daga kudu take tahowa, don haka ta iso sabuwar tsakiyar mako uku kafin lokaci. Ya tsaya yana lissafi a ransa, sai ya tuna shekarun baya-bayan nan da irin kan daɗe a ƙasa fiye da da, kwana uku, kwana biyar, ana cewa damina ce ta sake hali. Ashe tun tuni abin ke gusawa a ƙarƙashin idonsa, shi yana jingine da kuka.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji Hilary. "Ni ma da tayoyina ake kwasarsa."

"Matata ma ta fasa nata," Maharazu ya ce. "Dakalin ƙofar gidana da tsakuwarsa aka yi shi. Mayar da ni gida."

Ranar Juma'a da aka dawo daga masallaci, mutane suna zaune a ƙofar Mai Unguwa, ya miƙe. Mutumin da bai taɓa yin magana a taro ba sai an tambaye shi.

"Jama'a, ku yafe mini don Allah. Iyalina ta gaya mini, jikina ya gaya mini, na ƙi ji. Na je na gano, sirdin da kakana ya bari babu shi. Daga yau kada wanda ya sake ɗaukar sungumi a kan maganata."

Mai Unguwa Badaru, wanda tare suka yi kiwon awaki suna yara, ya ce, "Haba, Malam Maharazu! Shekara arba'in kana dacewa, don sau ɗaya an samu akasi? Ruwa ai na Allah ne."

"Ranka ya daɗe, ruwa na Allah ne, amma ni na ce a fita. Kuma ba irin kuskuren da zan gyara baɗi ba ne. Abin da nake awo da shi ne suka loda a tifa."

Da ruwan gaske ya sauka aka sake shuka, amma da me? Zaɓaɓɓun zangarniyoyin da aka ware tun kaka don iri duk sun tafi a binnen farko. Wasu suka shuka geron ci, wasu suka sayo a kasuwar Mai'aduwa, irin da ba su san halinsa ba. Damina ta ɗauke geron bai gama cika ido ba. Shekarar nan da yawa rumbunsu bai kai su tsakiyar rani ba, samari suka koma ci-rani tun ba a gama ɗaure dami ba.

Yanzu tozon kudu babu shi gaba ɗaya, na arewa ma an fara gutsurarsa. In ka tsaya a garin ka dubi gabas, tulin tsakuwa kake gani da hayaƙin inji, yaran da aka haifa kwanan nan sai an yi musu bayanin dalilin da ya sa ake ce wa garinsu Gindin Sirdi. Fita binne tare a rana ɗaya ta ƙare. Kowa da nasa: wani hasashen ruwa yake saurare a rediyo, wani ya je wurin malami, wani ya ce shi ya daina binne, sai ya ga ruwa a ƙasa. Maharazu ya kusa saba'in. Yana noma abin da kwazazzabo ya bar masa, wakensa yana yin abin da ya ga dama. Har yanzu in an idar da asuba yakan jingina da kukar nan ya daɗe, in an tambaye shi ya ce bayansa ke ciwo.

Bana da bazara ta kama, yana zaune a zaure yana tufkar igiya, Safiyatu ta miƙo masa waya. Sadiq ne. Suka gaisa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa. Sai Sadiq ya ce, "Baba, 'yan garinmu sun dame ni da kira. Na ce musu ka daina, sun ce in dai tambaye ka, su ba su san wanda za su tambaya ba. Mu taho ne, ko mu ƙara kwana biyu?"

Maharazu ya yi ta jujjuya igiyar a hannunsa har Sadiq ya zaci layi ne ya yanke.

"Baba? Kana jina?"

"Ina jinka."

Akwai maƙwabcinsa Sama'ila, sa'an Sadiq ɗin ne, bai fi shekara goma da fara noma gonar kansa ba, amma yana da rediyo mai kama tashoshi da yawa. Maharazu ya ajiye igiyar ya jawo takalmansa.

"Kada ka kashe," ya ce. "Bari in leƙa gidan Sama'ila in tambayo maka."